White Stripes ko Black Keys: da wa za ka fara?

Ƙanena ne ya jawo wannan rubutu. Wani dare muna gidan kallo, an zura ƙwallo a raga, sai filin can na Turai ya ɗauki amon nan mai gaɓa bakwai da dubban mutane ke rerawa ba kalma ko ɗaya: o, o-o-o-o, o, o. Yaran bencin gaba suka kama, har da buga ƙafa. Na tambaye shi ko ya san inda abin ya samo asali, ya ce ai taken wani kulob ne. Da muka koma gida na kunna masa ainihin waƙar, "Seven Nation Army" ta The White Stripes, na ce masa mutum biyu kacal suka yi ta, namiji da jita, mace da ganguna. Bai yarda ba sai da ya ga bidiyo. Bayan kwana biyu sai ga shi da waya a hannu. Manhajar ta jefo masa wasu mutum biyun daban, su ma jita da ganguna, su ma da launi a cikin sunansu. "Yaya, wai ba su ɗaya ba ne? To wanne zan fara saukewa? Datata ba za ta ɗauki duka ba."

Ba su ɗaya ba ne, amma ban ga laifinsa ba. Daga nesa The White Stripes da The Black Keys kamar an tsaga kara suke. Duka biyun 'yan Amurka ne, daga garuruwan da tsakaninsu bai wuce tafiyar awa uku a mota ba. Na farko daga Detroit ta jihar Michigan, garin ƙera motoci, na biyu daga Akron ta jihar Ohio, garin yin tayoyi. Garuruwan biyu sun ga arzikin masana'antu, sun kuma ga ranar da aka garƙame ƙofofin. Wanda ya san Kakuri ta Kaduna bayan mutuwar masaƙu zai gane irin iskar da ake shaƙa a wurin. Duka biyun sun ɗauko tsohon kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka da ake kira buluz, suka ƙara masa wuta da ƙara, suka shiga sahun rok na gefe, wato wanda bai taso ta hannun manyan kamfanoni da gidajen rediyon kasuwa ba. Duka biyun kuma sun fara ba tare da mai kaɗa jitar bes ba, wadda a al'adar rok ita ce ginshiƙin ɗaki. To amma kama da wane ba wane ba ce. Dalilin da ya sa kowannensu ya tsaya a mutum biyu ya sha bamban, kuma daga nan duk sauran bambancin ya tsiro.

Bari in fara da na Detroit, don su suka riga. An haifi Jack White, mai jitar kuma mawaƙinsu, a 1975, sunansa na yanka John Gillis, shi ne auta cikin 'ya'ya goma. Sana'arsa ta farko gyaran kujerun kushin ce, har ya buɗe shagonsa mai suna Third Man Upholstery. A 1996 ya auri Meg White, kuma maimakon ta ɗauki sunansa kamar yadda suka saba a can, shi ya ɗauki nata. A 1997 Meg, wadda ba ta taɓa koyon kiɗa ba, ta zauna a bayan gangunansa ta fara bugawa. Abin da ya ji ya ishe shi. A shekarar suka fara fita fili a ƙananan wuraren kiɗa na Detroit. Auren ya mutu a 2000, amma ƙungiyar ba ta mutu ba, kuma suka riƙa gaya wa duniya cewa su wa da ƙanwa ne, ko in ce ya da ƙane tunda ita ce babba. Ko bayan da 'yan jarida suka tono takardun aure da na saki, Jack bai fasa kiranta 'yar'uwarsa a kan dandamali ba. Hujjarsa ita ce in mutane suka san tsoffin ma'aurata ne, zancen soyayyarsu za a yi ta yi a manta da kiɗan.

Jack mutum ne mai kafa wa kansa doka. Launi uku kawai suke sawa: ja, fari da baƙi, tun daga riga har ganguna har bangon kundi. Abu uku kawai ake ji: murya, jita, ganga. Yana ganin cewa in aka ba mai fasaha duk abin da yake so, lalaci zai kama shi, amma in aka ɗaure masa hannu ɗaya dole ya nemo dabara. Shi ya sa ya daɗe yana kaɗa wata tsohuwar jita ja ƙirar Airline, mai jikin roba, irin wadda ake sayarwa da araha a shagunan kaya a shekarun 1960. A kan dandamali kuma ba sa rubuta jerin waƙoƙin da za su yi. Da ido da kaɗa kai suke sanar da juna abin da zai biyo baya. Wato su zaman mutum biyu aƙida ce, ba rashi ba.

Na Akron kuwa labarinsu na rashin uwa ne da kan sa a yi uwar ɗaki. Dan Auerbach da Patrick Carney unguwa ɗaya suka tashi, makarantar sakandare ɗaya suka yi. A 2001 Dan ya so ya naɗi wasu waƙoƙi don neman wuraren da zai riƙa yin wasa, Patrick kuma yana da na'urar naɗa a ɗakin ƙarƙashin gidansu. Ranar da aka sa, sauran makaɗan da Dan ya gayyata ba su zo ba. Sai Patrick ya hau ganguna suka yi abinsu su biyu. Wannan kaset ɗin suka aika wa kamfanoni, wani ƙaramin kamfani mai suna Alive ya amsa, kundinsu na farko The Big Come Up ya fito a 2002. Duka biyun sun bar jami'a ba su gama ba, suna yankan ciyawa a gidajen haya don samun na mai. Kundi na biyu, Thickfreakness na 2003, a zama ɗaya na awa 14 suka naɗe shi a wannan ɗakin. Na uku, Rubber Factory na 2004, a cikin wata tsohuwar masana'antar taya da aka yi watsi da ita suka yi shi, sunan ma daga nan ya fito. Babu wata doka ta launi ko lissafi. Mutum biyu ne saboda mutum biyu ne suka zo, kuma kuɗin wasa ya fi auki in biyu za a raba.

Shi ya sa da hali ya samu kowa ya nuna abin da ke ransa. White Stripes sun shahara da wuri. Kundinsu na uku, White Blood Cells na 2001, ya sa jaridun Ingila suka rikice a kansu, bidiyon "Fell in Love with a Girl" da Michel Gondry ya haɗa da tubalan wasan yara na Lego ya kai su gidajen talabijin. Kuɗi ya zo, manyan situdiyo suka buɗe musu ƙofa. Me suka yi? Suka tafi wani ɗan ƙaramin situdiyo a Landan mai suna Toe Rag, inda kayan aikin duk tsofaffi ne na zamanin tef, suka naɗi Elephant cikin kusan mako biyu, har suka rubuta a jikin kundin cewa ba a taɓa kwamfuta ba wajen yin sa. Ya fito a 2003, ya hau saman jadawali a Birtaniya. Black Keys kuwa sai da suka shekara kusan tara suna gararamba a ƙaramar bas kafin duniya ta waiwaye su, kuma hanyar da suka bi ita ce ta sakin ɗaurin. A 2008 suka ɗauko furodusa Danger Mouse ya yi musu Attack & Release, aka shigo da fiyano da sarewa da bes. A 2009 suka yi wani kundi da mawaƙan hip-hop mai suna Blakroc. Daga 2010 ma suka fara hawa dandamali da ƙarin makaɗa a bayansu. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, su haka suka ɗauki abin.

A nan ne nake so mai zaɓe ya tsaya ya saurari ganga, don a gangar ne za ka fi saurin gane wanda jininku ya haɗu. Meg ba ta yin ado. Ka kalli bidiyon wasansu: tana zaune a miƙe, kanta a ɗan karkace, gashinta ya rufe rabin fuska, ƙafarta na taka babbar ganga dum, dum, dum, kamar mai daka a turmi, hannunta na sauka kan farantin ƙarfe daidai lokacin da jita ta fashe. Ba gudu, ba zagaye, ba burga. Wani lokaci ta ɗan ja baya da bugun, wani lokaci ta ɗan riga, kuma idonta na kan Jack kullum, tana bin numfashinsa. Tun suna tashe ake mata gorin cewa ba ta iya ba, har a 2023 wani ɗan jarida ya sake tayar da zancen a intanet, manyan makaɗa irin su Questlove suka fito suka kare ta. Ni ina tare da masu kare ta. Filin da ta bari a buɗe shi ne inda jitar Jack ke samun wurin yin hauka. Ka cire ta ka sa gwanin da ke cika kowace kafa da bugu, waƙar ta shaƙe. Wanda ya taɓa zama ya ji Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya san cewa ƙarancin kayan kiɗa ba ya nufin ƙarancin kiɗa.

Patrick shi ma ba a makaranta ya koya ba, amma bugunsa na daban ne. Dogon mutum ne mai tabarau, yana durƙusa wa gangunan kamar zai faɗa kansu, bugunsa na da nauyi da lilo, yana jan jiki. Na Meg kan sa ka daki tebur. Na Patrick kan sa kafaɗarka ta fara motsi ba ka sani ba. In kana tuƙi a doguwar hanya, na Patrick za ka nema.

Murya ma haka. Ta Jack siririya ce mai kaifi, tana hawa sama kamar wanda aka taka wa yatsa, wani lokaci ihu, wani lokaci raɗa irin ta yaro. Ba kowa ke jure ta da farko ba. Matata har yau in na kunna sai ta tambaye ni wa ake yankawa. Ta Dan kuwa mai ɗumi ce, mai ɗan hayaƙi, ta fi kusa da mawaƙan baƙaƙen fata na shekarun 1960 da 1970, kuma daga kundin Brothers ya fara lanƙwasa ta sama a hankali yadda ba ta sukan kunne.

Akwai kuma maganar asali, wadda a ganina ita ce ta fi shafar kunnen Bahaushe. Buluz ba iri ɗaya ba ne. Jack almajirin Son House ne, tsohon mawaƙin yankin Delta na Mississippi wanda ya yi wa'azi a coci kafin ya rungumi jita, ya kuma rasu a Detroit a 1988. Kundin White Stripes na farko, na 1999, gare shi aka sadaukar, kuma a na biyu, De Stijl na 2000, sun sake yin waƙarsa "Death Letter". Wannan salon na labari ne da tashin hankali: a ja tsirkiya da ƙarfe ko wuyan kwalba ta yi kuka, a tsaya cak, a sake fashewa. Dan kuwa almajirin Junior Kimbrough ne da R.L. Burnside, mutanen tuddan arewacin Mississippi. Salonsu ba ya yawan sauya sauti. Gaɓa ɗaya ake kamawa a yi ta juya ta, a yi ta juya ta, har mai sauraro ya nutse. Black Keys sun yi ƙaramin kundi sukutum na waƙoƙin Kimbrough a 2006 mai suna Chulahoma, sunan ƙauyen da yake da gidan rawarsa, sannan a 2021 suka koma wannan rijiyar da Delta Kream, tare da Kenny Brown da Eric Deaton waɗanda suka yi wa tsofaffin kiɗa da hannunsu.

Duk wanda ya saba da jitar Buzaye ta Agadez zai ji wannan juyin kamar ya san shi a wani wuri. Kuma ba kunne kaɗai ke faɗa ba. Dan Auerbach ne ya gayyaci Bombino, ɗan Agadez, zuwa situdiyonsa na Easy Eye Sound da ke Nashville, ya zama furodusan kundinsa Nomad da ya fito a 2013, wanda ya hau saman jadawalin kiɗan duniya na Billboard ya kuma buɗe wa Bombino ƙofofin Amurka. Jack ma ba a bar shi a baya ba, kamfaninsa Third Man Records ya fitar da wani wasan kai-tsaye na Mdou Moctar, shi ma makaɗin jitar Buzaye ɗan Nijar, a 2019. Amma a cikin kiɗan kansa, Black Keys na farko-farko ne suka fi kusa da wannan ɗanɗanon. Na gwada da wani abokina Bazindire: na kunna masa Chulahoma ban ce komai ba, bai yi minti biyu ba ya fara tafi irin na bikin Buzaye, yana tambaya ko mutanen sun taɓa zuwa Nijar. Da na sa masa Elephant sai ya ce in rage ƙara.

Mu Hausawa masu bin baiti ne, kafin a yaba kiɗa sai an ji me aka faɗa. To a nan White Stripes sun fi kaya. Jack marubuci ne mai son labari da zaurance: yara biyu a hanyar makaranta, mutumin da ya gaji da tsegumin gari yana shirin barinsa, rigimar baƙin haure a kan iyakar Amurka da Mekziko. Waƙoƙin Black Keys kuwa mafi yawansu ba sa wuce an yaudare ni, ina kewarki, kin tafi kin bar ni. Ba aibu ba ne, haka buluz ya gada. Amma ma'anarsa ga mai zaɓe ita ce: in Turancinka bai yi nisa ba, kusan ba ka yi asarar komai ba a wurin Black Keys, don daɗin a cikin kiɗan yake. A wurin White Stripes za ka bar wani kaso a ƙasa.

Sai mu koma kan waƙar da ta jawo zancen, don akwai abin mamaki a cikinta. Wannan sautin mai kauri da ke buɗe "Seven Nation Army", wanda kowa ke rantsuwa bes ce, ba bes ba ce. Jita ce ta yau da kullum aka bi da ita ta wata na'urar da ake takawa da ƙafa, wadda ke saukar da sauti ƙasa zuwa kaurin na bes. Wato ko a nan Jack bai karya dokarsa ba, zagaye ta ya yi. Yadda ta shiga filin ƙwallo kuwa, magoya bayan Club Brugge na Beljiyam ne suka fara rera ta a 2003 lokacin da suka je Milan, daga baya 'yan Roma suka ɗauke ta daga wurinsu, sai ta zama taken Italiya a gasar cin kofin duniya ta 2006 a Jamus, wadda suka lashe. Daga nan ta fi ƙarfin masu ita. Black Keys ba su da waƙa ɗaya da ta kai nan, kuma da wuya wani ma ya samu. Abin da suke da shi tarin waƙoƙi ne da ka sha ji a talla da fim da wasannin bidiyo ba ka san nasu ba ne. Da farko sun ƙi sayar da waƙa ga masu talla don gudun a ce sun sayar da kai, daga baya talauci ya koya musu hankali suka riƙa bayarwa, kuma sun faɗa da bakinsu cewa da wannan kuɗin suka rayu kafin rediyo ta san da su.

Shekarar da aka yi musayar kujera ita ce tsakanin 2010 da 2011. White Stripes sun riga sun yi shiru. Bayan Get Behind Me Satan na 2005, inda Jack ya jingine jita ya koma fiyano da marimba, da Icky Thump na 2007 mai algaitar Sukotlan da ƙahon Mekziko, sun zagaya kowane lardi da yanki na Kanada, suna wasa har a cikin bas da kan jirgin ruwa, a garin St. John's ma suka hau dandamali suka buga sauti ɗaya tak suka sauka. A watan Satumba na 2007 aka soke sauran wasanninsu saboda matsananciyar fargaba da ke damun Meg. Sun sake fitowa sau ɗaya a talabijin a 2009, sannan ranar 2 ga Fabrairu 2011 suka sanar cewa sun rufe shafin. Kundi shida, lambar Grammy shida. Meg ta koma rayuwarta, ba hira, ba dandamali; ko a 2025 da aka shigar da su zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame ba ta halarta ba, Jack ne ya isar da gaisuwarta.

A daidai wannan lokacin Black Keys suka fashe. Sun kusa rabuwa a 2009, bayan Dan ya fitar da kundin kansa Patrick ya ji an ci amanarsa, ga kuma aurensa na tangal-tangal. Suka shirya, suka tafi tsohon situdiyon Muscle Shoals a Alabama, suka fito da Brothers a 2010. Waƙar "Tighten Up" ta mamaye rediyo, kundin ya jawo Grammy uku. A Disambar 2011 El Camino ya biyo baya da "Lonely Boy", wadda bidiyonta mutum ɗaya ne kawai ke tiƙar rawa a gaban wani masauki, kyamara ba ta motsa ba. Hoton bangon kundin ma abin dariya ne: sunan wata ƙasaitacciyar mota aka ba shi, amma hoton tsohuwar ƙaramar bas ce irin wadda suka yi yawon wahala a ciki. A 2012 suka cika Madison Square Garden. Turn Blue na 2014 ya zama na ɗaya a Amurka. Suka huta shekara biyar, suka dawo a 2019, kuma har yanzu suna fitarwa. Zuwa 2025 kundinsu 13. Gaskiya ba duka ne suka yi armashi ba. Na baya-bayan nan da yawa sun yi santsi fiye da kima, kamar shinkafar biki da aka dafa don kowa ya iya ci. A 2024 ma sai da suka soke zagayen manyan filayen da suka shirya a Amurka.

Kada in manta da rigimar, don ƙanena ya ci karo da ita a intanet ya zo yana tambaya. E, an yi. Duka ɓangarorin sun koma Nashville da zama, gari ɗaya. A 2013 wasu saƙonnin Jack suka fita fili inda yake zargin Dan da kwaikwayonsa, a 2014 ya maimaita irin zancen a hira, sannan ya fito ya ba da haƙuri. An ɗan sake taɓawa da Patrick a 2015 aka sasanta. Ni dai ban ɗauki zargin da nauyi ba. Gaskiya ne nasarar White Stripes ta sa kamfanoni suka yarda mutum biyu za su iya cika fili, Black Keys kuma sun ci moriyar wannan. Amma dukansu a rijiyar tsofaffin Mississippi suka ɗebi ruwa, kuma ba guga ɗaya suka zura ba.

To wa za ka ɗauka? In kai mai son abu ne da za ka kunna kana aiki, kana tuƙi, ko kuna hira da abokai ba wanda zai ce a kashe, Black Keys ne naka, kuma ka fara da Brothers. In ya zauna maka, kada ka yi gaba tukuna, ka koma baya zuwa Rubber Factory da Thickfreakness ka ji su lokacin da yunwa ke cikinsu, sannan Chulahoma da dare in gari ya yi tsit. El Camino na ranar da kake son motsa jini ne. Abin da ya biyo bayan 2014, in ka cire Delta Kream, ba na gaggawa ba ne. Sai dai ka tanadi abin sauraro mai kyau, don rabin daɗin Brothers a ƙasan sautin yake, lasifikar waya kuma ba ta fitar da shi.

In kuwa kai mai son a girgiza ka ne, mai son ka zauna ka saurari kundi daga farko har ƙarshe kamar mai karanta littafi, ka kuma san cewa labarin yana da farko yana da ƙarshe, to White Stripes. Elephant ne ƙofar, White Blood Cells na biye, De Stijl kuma shi ne wanda ni na fi komawa gare shi, don a nan ne tsohon buluz da ƙuruciyarsu suka fi haɗuwa ba tare da sun san duniya na kallo ba. Get Behind Me Satan ka bar shi sai ka saba da su, in ba haka ba zai kore ka. Wani abin daɗi, tunda dama babu bes a yawancin waƙoƙin, ko a lasifikar waya suna fita da kaifinsu. Kuma kundi shida ne kawai, a mako guda ka gama da su, babu wanda za ka ce na cika lissafi ne.

Ni in aka ce kundin ƙungiya ɗaya kaɗai zan riƙe a waya, na Detroit zan riƙe, ba tare da dogon tunani ba. Black Keys na fi kunnawa, amma White Stripes na fi tunawa. Sai dai ba ita ce shawarar da na ba ƙanena ba. Na san kunnensa, da Bombino da kiɗan biki ya tashi, ihun Jack zai iya sa ya rufe ƙofar gaba ɗaya. Na ce ya sauke Brothers da Chulahoma, in wata ya yi in tura masa Elephant daga wayata.

Bai jira watan ba. Shekaranjiya da safe ina alwala na jiyo shi a bayan ɗaki ya kifa bokiti biyu da murfin tukunya, yana dukansu da sandunan rake, dum, dum, dum, a hankali, ba ado ko kaɗan. Hajiya ta leƙo ta taga ta ce wa ya ba shi izinin taɓa mata murfi.